Kogin Da Ke Kan Takarda

Wurin da tankar ruwa ke tsayawa a bakin layinsu ya bushe har ƙasar ta tsattsage. Da can kullum akwai taɓo a wurin, sai mutum ya ɗage zani ya tsallaka, amma yau wata kaza ce ke birgima a ciki. Tana wucewa ta lura da hakan, jakar aiki a kafaɗa, tana sauri kada motar ƙarfe bakwai ta bar ta.

Jarkoki sun yi layi tun daga ƙofar shagon tela har kwana, kowace da tsumma ɗaure a hannu don mai ita ya gane tasa. Kwana tara ke nan suna nan. Masu su sun gaji da tsayuwa, sun bar su suna riƙe musu layi.

"'Yar ofis," in ji matar tela, tana goge wa 'yarta fuska da gefen zani, "ki gaishe mana da tankarku. Ki ce muna nan lafiya, in ta samu hali ta leƙo."

"Za ta ji, Anti."

"Ko aure ta yi ne ba a gaya mana ba?"

Matan da ke wurin suka yi 'yar dariya ta marasa ƙarfi. Ita dai ta sunkuyar da kai. Tun tana ƙarama ba ta iya mayar da magana ba, sai ta yi nisa amsar ke zuwar mata.

Babanta na zaune a kan benci a ƙarshen layi, hannu biyu a kan sanda. Shekara ashirin da shida ya yi yana kula da injin da ke janye ruwa daga ramin kamfani, har ƙirjinsa ya hana shi aiki. Ya ɗaga mata sandar ta tsaya.

"Uwata, ki tambaya mana. Ba faɗa na ce ki yi ba, tambaya kawai. Gwaggonki ta fara wanke kwano da ruwan da aka wanke shinkafa."

"Zan tambaya, Baba."

"Jiya ma haka kika ce."

Gaskiyarsa ne. Jiya ta je har ƙofar garejin ofis, ta tarar da maza sun cika wurin suna hira, ta juyo.

Garin ba shi da girma. Daga kan gadar da motar ke bi, mutum na iya ganinsa duka: ramin kamfani can bayan unguwarsu, mai faɗin da manyan motocin cikinsa ke komawa kamar ƙwari, sai tulin ƙasa uku da aka kwaso daga ciki, waɗanda yaran da aka haifa kwanan nan suka ɗauka duwatsu ne na asali. Daga nan kasuwa, tasha, asibiti mai gado goma sha biyu. Rijiyoyin garin sun lalace shekara goma da suka wuce, ruwansu ya koma rawaya mai ɗanɗanon tsatsa. Na kogi kuwa ko akuya ba ta sha. Tun lokacin tanka ɗaya ce ke shayar da mutum dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu da arba'in, unguwa goma sha takwas, kowace da ranarta.

Ta san waɗannan lambobi kamar sunanta. Aikinta na farko ke nan a ofishin gunduma bayan ta gama jami'a. Tsohuwar taswirar ofis ta girme ta, tana nuna gonaki a inda rami yake yanzu, sai aka ce ta zana sabuwa. Wata biyar ta yi tana bin lungu-lungu da na'urar awo, rana na dukanta, karnuka na yi mata haushi. Ranar da aka rataye taswirar a bango, shugaban sashe ya kira ta Injiniya, sunan ya bi ta. Ba ta gaya wa kowa ba, amma ranar sau uku ta sami dalilin wucewa ta gaban bangon.

Yau ta ci sa'a, direban tanka shi kaɗai ne a gareji, yana tsugune yana duba taya.

"Injiniya da kanta. Lafiya dai?"

"Unguwarmu ce. Kwana tara ba ka zo ba."

"Ni da takarda nake aiki, 'yar'uwa." Ya miƙe, ya goge hannu a wando, ya ciro takarda daga bayan sitiyari. "Ƙirga ki gani. Goma sha takwas, kamar kullum. Ban tsallake ko ɗaya ba."

Ta bi da yatsa. Goma sha takwas ne. Amma a layin da sunan unguwarsu ya saba zama, wani suna ne daban: zangon baƙi, rumfunan kwanon nan na kudu da gari, inda leburorin da suka zo daga nesa ke zaune.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Daga sashenku ta fito mana. Aka ce sabuwar taswira ce ta ce haka." Ya dube ta, ya ɗan karkata kai. "Au, ba ke kika zana ba?"

Shugaban sashe mutum ne mai nauyin jiki da nauyin magana. Ta same shi yana jiƙa burodi a shayi, takalmansa a gefe ɗaya, ƙafafunsa a kan fayil. Ya saurare ta har ta gama, ya yi ajiyar zuciya, ya jawo wani tsohon littafi mai baƙin bango daga durowa.

"Karanta nan."

Ta karanta. Iyakar gari ta gabas ita ce tsakiyar kogi.

"To. Ke kika zana kogi da shuɗi. Magatakarda ya bi shuɗinki da jan biro, ya kwafe unguwannin da suka faɗo ciki. Ya ƙirga ya ga sha takwas, ya kawo mini, ni ma na ƙirga na ga sha takwas. Wa zai tsaya karanta sunaye?"

Da can kogin ta bayan unguwarsu yake bi. Tana aji biyu a sakandare kamfani ya tashi faɗaɗa rami, aka haƙa wa kogin sabuwar hanya ta gabansu, aka shafe ta da siminti, aka ɗora gada. Kullum safe tana haye gadar nan, kullum yamma tana dawowa ta kanta. Da hannunta ta auna ta, mita ashirin da biyu. Ko sau ɗaya bai taɓa zo mata a rai ba cewa fita take yi daga gari in ta nufi gida.

"Ni inda ruwan yake na zana, Yallaɓai."

"Na sani. Matsalar ke nan, kin cika gaskiya. Waɗanda suka riga ki, ai ba makafi ba ne. Kin ɗauka ba su ga kogin ya tashi ba?"

Ya ɗauki waya ya kira takwaransa na gundumar da ke ƙetare. Suka daɗe suna gaisuwa, suka tambayi gwiwa da hawan jini, sannan ya ce, "Mutumina, na samo maka mutum ɗari huɗu da talatin da takwas. Kyauta." Ya saurara, ya yi dariya har da tari. Da ya ajiye wayar ya ce, "Ya ce a tasu taswirar kogin bai motsa ba, don haka ba nasu ba ne. Kuma ko nasu ne, tankarsu shekara biyu tana kan duwatsu ba taya."

Ya kurɓi shayi.

"Abu mai sauƙi ne, Injiniya. Ki je ki mayar da kogin inda yake a tsohuwar taswira. Ƙarfe uku masinja zai tafi hedikwata da taswira da jerin unguwanni. Abin da ya tafi da shi, shi za a yi aiki da shi har shekara ta zagayo. Ki kawo kafin nan."

Ta koma teburinta. Ta ciro tsohuwar taswira daga cikin bututun kwali, gefenta duk ya ciccinye, ta ɗora a kan sabuwa, ta manna su a gilashin taga don haske ya ratsa. Koguna biyu suka bayyana, ɗaya ya koɗe, ɗaya sabo fil. A arewa tsohon ya rungumo unguwarsu. Suka gangaro suka giciye juna daidai bayan mayanka. Daga nan zuwa kudu sai abin ya juya: sabon ne ya yi baka ya zagaye zangon baƙi, tsohon kuwa ya wuce miƙe ya bar shi a waje.

Ta daɗe tsaye, hannuwanta a sama har suka yi tsami. Ƙasa a tsakar gida ta ji an tayar da tanka. Yau ranar zango ce. Ta gaya wa kanta za ta je ne ta sake duba kwanar kogin, ta ɗauki jaka ta sauka da gudu.

Direban bai tambaye ta komai ba sai da suka wuce kasuwa.

"Kin taɓa shiga?"

"Na zagaya ta baya lokacin awo. Rufi na ƙirga."

"Rufi." Ya canza giya. "To za ki ga rufi."

Hanyar ta ƙare a gindin tulin ƙasa na uku. Rumfunan kwano ne jere-jere, wasu an yi musu bango da tsohon bel ɗin roba na injin kamfani. Tun kafin motar ta tsaya aka fara fitowa, amma ba a yi turereniya ba. Wata mata doguwa, mai furfura a goshi da muryar da ta dishe, tana tsaye a kan juyayyen baho tana kiran layi.

"Layi na huɗu ne farko yau. Kai mai jar hula, na gan ka, jiya-jiya ka zo garin nan za ka koya mana wayo? Koma baya. Jarka biyu kowace ƙofa, mai jego uku."

"Uwar layi ke nan," in ji direban yana kwance tiyo. "Ko ni tsoronta nake." Sai ya ɗaga murya. "Inna, ga wadda ta sa ku a takarda na kawo miki."

Ta so ƙasa ta buɗe. Matar ta sauko daga kan bahon, ta zo ta dube ta sama da ƙasa.

"Wannan 'yar firit ɗin? Ni na ɗauka wani ƙaton mai tumbi ne ya tuba." Ta kama hannunta ta riƙe. Tafinta kamar ɓawon itace. "Mutum nawa kika rubuta mu?"

"Ɗari uku da goma."

"Ɗari uku." Matar ta juya ga na bayanta. "Kun ji? Rabinku aljanu ne." Aka yi dariya. "'Yata, kowane ɗaki a nan kashi biyu ne. Masu aikin rana su tashi, masu aikin dare su kwanta a wurin da ɗuminsa. Katifa a nan ba ta san hutu ba. Ni na bi ƙofa-ƙofa makon jiya saboda rabon ruwan nan, mun kai ɗari bakwai saura kaɗan. Amma kada ki damu, muna lallaɓawa."

"Da can ina kuke ɗiba?"

Matar ta nuna da haɓa. A gindin tulin ƙasa akwai wani kududdufi, ruwan da ke tsatsowa daga ƙarƙashi, gefensa ya yi farin gishiri-gishiri. Ko ciyawa babu a bakinsa.

"Mu tace da ɗankwali, mu tafasa, mu ce bismilla. Wannan gari ya ce mu na can ne, can su ce mu na nan ne. Mu ma dai ba da niyyar zama muka zo ba. Shekara takwas ke nan muna shirin tafiya." Ta saki hannunta don ta daka wa wani tsawa, ta dawo. "Tun da motar nan ta fara zuwa, cikin yara ya tsaya. Ki gaishe da iyayenki. Ki ce musu wata tsohuwa ta ce sun iya haihuwa."

Ita kuwa ta tsaya a gefe tana kallon ruwa na shiga jarkoki, tana kallon taɓon da ya fara taruwa a ƙarƙashin motar, da wata yarinya da ta tsoma ƙafa a ciki tana murza yatsu. A hanyar dawowa direban ya kunna rediyo, ya kashe, ya ce, "Ni dai duk inda takarda ta ce, can zan je. Amma in za a canza, ki gaya mini da wuri. Ba ni zan fara haɗa ido da Inna ba."

Ƙarfe ɗaya da rabi ta zauna gaban kwamfuta. Ba ta ci komai ba tun safe, kanta na sarawa. Wayarta ta yi ƙara, gwaggonta ce. Ta kife ta a kan tebur. Ta buɗe taswirar, ta kama shuɗin layin daga arewa ta goge shi har zuwa bayan mayanka. Ta zana sabo tana bin tsohuwar hanya, ta bayan unguwarsu, ta wurin da yanzu ba komai sai iska da zurfin rami. Da ta iso mahaɗar sai ta tsaya. Abin da ke kudu ta bar shi yadda yake.

Sai gada ta rage a tsaye a kan farar takarda, ba ruwa a ƙarƙashinta. Ta daɗe tana kallonta. Ta goge ta.

Injin buga takarda ya yi ta ƙugi kafin ya turo taswirar a hankali. A ƙasa, gefen dama, sunanta na nan a inda ake rubuta wanda ya auna kuma ya zana. Ta gyara adadin mutanen zango, ta buga jerin unguwanni, ta haɗa su.

Ƙarfe uku saura ashirin ta shimfiɗa su a teburin shugaban sashe. Ya sa tabarau. Ya fara daga ƙasan jerin, ya bi da biro zuwa sama, leɓɓansa na motsi.

"Sha tara."

"E, Yallaɓai."

"Tanka sawu sha takwas take yi a zagaye. Injinta ba ya jin roƙo."

"Kowane zagaye unguwa ɗaya ta haƙura, bi da bi. Na rubuta yadda za a yi a baya."

"Wato maimakon unguwa ɗaya ta zage mu, gari duka ya zage mu." Ya ture jerin, ya jawo taswirar. Ta ga idonsa ya bi shuɗin layin daga sama, ya tsaya a bayan mayanka, ya ci gaba. "Wannan kogin, Injiniya, ba a taɓa yin sa ba. Ba na da ba ne, ba na yanzu ba."

"Rabinsa na da ne, rabinsa na yanzu."

"In ka mayar da tsohuwar taswira, kowa ya san dalili, a ce ba a sabunta ba, shi ke nan. Wannan kuwa an zauna ne an ƙirƙira. Hedikwata na da hoton sama. Ranar da wani mai ƙwazo irinki ya ɗora wannan a kan hoton, zai ga kogi na ratsa tsakiyar rami. Sunan wa zai gani a ƙasa?"

"Nawa."

"Takardar shaidarki za su karɓe. Shekara nawa kika yi kina karatun?"

"Biyar."

Muryarta ta fito ƙasa-ƙasa. Ta haɗa hannuwa a baya.

Ya sake sunkuyawa. Ya ɗora ɗan yatsa a kan layin, can arewa, ya bi shi a hankali kamar mai shafa tabo.

"Nan kin kauce kaɗan. Ya fi matsowa kusa da maƙabarta. Akwai wata ƙatuwar bishiya da ta kwanto kan ruwa, daga kanta muke tsalle. Babanki ya fi kowa tsoro, sai an tura shi." Ya ɗan yi murmushi, murmushin ya tafi. "Wata shida ya rage mini in ajiye aiki. Shekara talatin da huɗu, ko takardar gargaɗi ba a taɓa ba ni ba. Ina da 'ya'ya mata uku a makaranta."

Fanka na juyawa a sama tana ɗaga gefen taswirar, ta sa hannu ta danne.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Masinja ne, dattijo mai hular kwano a hannu da jakar fata a wuya.

"Yallaɓai, in ban kama hanya yanzu ba zan tarar sun rufe. Kuma ka san su, ba sa karɓar takarda sai da hatimi."

"Jira a waje. Minti biyar."

Masinjan ya ja ƙofa. Shugaban sashe ya cire tabarau, ya murza idanu da yatsu biyu, ya daɗe a haka. Ya dubi agogon bango. Ya laluba takalmansa da ƙafa ya saka, ɗaya bayan ɗaya, yana nishi. Ya sa hannu a aljihun rigarsa na ciki ya ciro hatimin ofis, wanda ko bayan gida da shi yake shiga, ya ajiye shi a kan taswirar. Ya buɗe akwatin tawada ya tura kusa da shi.

Bai dube ta ba. Ya ɗauki hularsa daga kan ƙusa, ya bi ta ƙofar baya da ke fita tsakar gida, ya jawo ta a hankali har ta rufe.